Yadda Ake Haɗa Tsohuwar Ford Don Gudu a Filin Gishiri na Bonneville

A arewa maso yammacin jihar Utah ta Amurka, dab da garin Wendover da ke kan iyakar Nevada, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da tsohon tafki ya ƙafe ya bari, fari fat, iya ganinka gishiri ne. Sunansa Bonneville. Tsayinsa daga teku ya kai mita 1,280, kusan daidai da Jos. Tun 1949 SCTA, ƙungiyar masu gwada gudun mota ta kudancin Kalifoniya, take kai motocinta can a watan Agusta, a shafe mako guda ana gwada gudu. Ba a jera motoci a sake su tare. Mota ɗaya ce ke fita, ta miƙe sak, na'ura ta auna tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta cinye mil guda.

Cikin motocin da suka fi jan ido a wurin akwai tsofaffin Ford masu ƙofa biyu da rufin ƙarfe, ƙirar 1930 zuwa 1934, waɗanda aka datse wa rufi aka kwantar da su har ƙasa, irin da Amurkawa ke ce wa hot rod. Wanda ya ga hotonsu zai ɗauka duk sirrin yana cikin injin. Masu harkar kuwa a ƙarshe suke sa injin cikin lissafi. Kafin a zo kansa akwai littafin doka, akwai iska, akwai kuma santsin gishirin kansa, kuma kowannensu ya isa ya mayar da injin mai tsada abin kallo kawai.

Aji ake zaɓa kafin a kunna injin walda

SCTA tana fitar da littafin dokokinta kowace shekara, kuma kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne mutum ya yanka bodi sannan ya buɗe littafin. Motoci sun kasu aji-aji bisa shekarar bodi, yawan gyaran da aka yi masa, girman injin, irin man da yake sha, da kuma ko an ɗora masa abin cusa iska, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska.

Rukunin tsofaffi na bodin Amurka ne na 1948 zuwa baya, kuma tsohon injin ake sa masa. XF shi ne injin Ford mai silinda takwas da bawul a gefe, XO na sauran tsofaffin injuna ne irin su GMC mai silinda shida, V4 kuma na masu silinda huɗu ne da aka ƙera kafin 1935. XF da XO ba sa wuce inci 325 a faɗin ciki, wato lita 5.3. Duk wanda ya ɗora injin zamani a bodin 1934 ya fita daga wannan rukuni, sai ya je ya kara da motocin da aka ƙera shekaru arba'in bayan tasa, masu bodin da ya fi nasa sulɓi nesa ba kusa ba.

Ta fuskar bodi mataki uku ne. Na farko mota ce da ta kusa zama yadda kamfani ya yi ta. Na biyu an yarda a toshe fuskarta, a ja injin baya. Na uku shi ne na 'yan a-yi-ta-ta-ƙare: a datse rufi sosai, a ƙara tsawon hanci, a lulluɓe ƙarƙashin motar da falle guda na ƙarfe. Inci ɗaya da aka ƙara yankewa yana iya ɗaga mota daga wannan mataki zuwa na gaba, inda bajintar da za ta karya, wato gudu mafi girma da aka taɓa rubutawa a ajin, ta yi mata nisa. Shi ya sa gogaggu suke fara duba jerin bajintocin kowane aji, su ga wadda aljihunsu zai iya kaiwa, sannan su nemi bodi.

Lissafin iska

In gudu ya ninka biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata don a keta ta kuma sau takwas. A aikace, motar da ke yin mil 150 a awa, in ana so ta yi 200, sai an ninka ƙarfinta sau 2.4. Gudun ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku kacal, amma injin ya zama wani daban.

Abu biyu ne ke tantance yadda iska ke riƙe mota: faɗin fuskarta in an tsaya a gabanta, da sulɓin siffarta. Akan haɗa su a lamba ɗaya. A ɗauka, don misali, lambar wata mota murabba'in mita 0.9 ce. A iskar Bonneville ta tsakar rana, wadda nauyinta bai wuce kilo ɗaya a kowane akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi ba, tana buƙatar ƙarfin doki kusan 180 a taya don ta yi mil 150, da kusan 430 don ta yi 200. In aka rage lambar zuwa 0.6, buƙatar ta sauko 120 da 290.

Ga kuma tsayin wurin. Injin da ke zuƙar iska da kansa yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa dubu da aka hau. Zafin Agusta yana ƙara siranta iskar, har injin ya ji kamar yana ƙafa dubu shida ko bakwai. Injin da ya ba da doki 200 a garejin Los Angeles, 160 zai bayar a kan gishiri, abin da zai isa taya kuma kusan 140. Da wannan ƙarfin motar farko za ta tsaya wajen mil 137, ta biyun kuma ta kai 157. Mil ashirin ke nan daga aikin zarto da guduma. Da a injin za a nemo su, sai an ƙara masa rabin ƙarfinsa, abin da tsohon injin Ford ba ya bayarwa da arha.

Magabatan harkar sun gane haka tun da wuri. Ford 1934 ta 'yan'uwa Bob da Dick Pierson, wadda Bobby Meeks na kamfanin Edelbrock ya haɗa, an rage mata tsayin rufi da inci tara. Dokar Russetta, wata ƙungiyar gwada gudu ta lokacin, ta ce gilashin gaba kada ya gaza inci bakwai, amma ba ta ce a tsaye zai kasance ba, sai Meeks ya kwantar da shi baya. A 1950 motar ta kai kusan mil 150. Art da Lloyd Chrisman su kuma suka ɗauki bodin Ford Model A na 1930, suka haɗa bonet biyu na Ford 1940 suka yi masa hanci, suka mayar da injin bayan direba, a 1955 motar ta yi mil 196.

Datse rufi

A nan ne aka fi ɓata bodi. Kafin zarto ya taɓa ƙarfe, sai an gama da tsatsa, an ɗaure bodin a kan shasi, an daidaita ƙofofi har tazarar gefensu ta zama ɗaya sama da ƙasa. Sannan a gicciya bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, na inci ɗaya, a cikin motar: daga hagu zuwa dama, da kuma a bakin kowace ƙofa. Rufi shi ke riƙe da siffar bodi. In aka cire shi ba tare da wannan tokari ba, bangon ya buɗe, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba.

Akwai aikin da ya kamata ya riga ma wannan. A zaunar da direban da zai tuƙa, da kwalkwalinsa da rigar wutarsa, a kan kujerar da za a yi amfani da ita, a auna daga saman kwalkwali zuwa inda bututun kejin ƙarfe mai kare direba zai bi. Wannan awon ne zai faɗi inci nawa za a iya cirewa. Ba sau ɗaya ba an gama mota tsaf sannan aka tarar direba ba ya shiga, ko yana shiga amma ba ya iya fita da sauri, wanda ya fi muni.

Ginshiƙan gilashin gaba a karkace suke. In an cire inci huɗu ko biyar daga tsakiyarsu aka sauke rufin, na sama ba zai haɗu da na ƙasa ba, rufin ya zama gajere. Mafita biyu ce. Ko a raba rufin gida biyu a tsakiya a ƙara masa falle, ko a tsaga gindin ginshiƙan da samansu a kwantar da su baya har su haɗu. Mai motar yawo yakan zaɓi ta farko don kyan gani. Mai zuwa gishiri ta biyu yake so in ajinsa ya yarda, domin gilashin da ya kwanta ya fi sakin iska.

Ƙarfen bodin bai fi kaurin milimita ɗaya ba, zafi kaɗan ke lanƙwasa shi. Ana ɗiga walda ne nan da can, a tsallaka, a bari ya huce, a bi kowane ɗigo da guduma da ƙarfen tokare don a miƙar da abin da ya tsuke. Mai gaggawar jan walda layi guda zai kwana yana shafa fanti kan rufin da ya yi tudu da kwari. Ford na waɗannan shekaru kuma tsakiyar rufinsu yadi ne a kan katako, dole a cike ramin da ƙarfe mai ɗan doro. Gilashi duk ana cire shi a sa roba mai tauri da ba ta tarwatsewa, a ɗaure da ƙusoshi.

Ƙofofin Ford 1933 da 1934 ta gaba suke buɗewa, maƙalarsu tana baya. In makulli ya saki a cikin gudu, iska za ta kama ƙofar ta fizge ta, ta juya motar tare da ita. Ana ƙara musu sakata mai shiga ginshiƙi, wadda direba zai iya zarewa daga ciki, masu ceto kuma daga waje.

Nauyi, da inda za a ajiye shi

A kowane irin tseren mota rage nauyi ake yi. A Bonneville ƙarawa ake yi. Riƙon taya a kan gishiri kusan rabin na kwalta ne, kamar hanyar jar ƙasa bayan yayyafi, kuma yana canzawa daga safe zuwa rana. Motarmu ta misali, a mil 200, iska tana tura ta baya da abin da ya kai kilo 365. Kafin tayoyin baya su iya mayar da wannan turin ba tare da sun yi ta juyawa a banza ba, sai an danne su da kilo 730 ko fiye. Siffar rufin kuma tana sa iska ta riƙa ɗaga bayan motar yayin da gudu ke ƙaruwa, ta rage abin da ke kan tayoyin a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Alamar wannan ita ce allurar juyin injin ta yi sama amma gudun ya tsaya cik.

Sai a ce to a loda nauyi a but. Nan kuma gaba kura baya sayaki. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, tana kuma da cibiyar da iska ke tura ta in ta bugo daga gefe. Muddin ta nauyi tana gaban ta iska, in motar ta ɗan karkace iska ce za ta miƙar da ita. In ta nauyi ta koma baya, iska za ta ƙarasa juya ta. Dogon hancin da aka ƙara don sulɓi shi ma yana jawo cibiyar iska gaba, ya ƙara dagula lissafin.

Ana gano cibiyar nauyi da sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, direba yana ciki, tankuna a cike. Tazarar tayar gaba da ta baya a Ford 1934 inci 112 ce. In motar ta kai kilo 1,600 kuma kashi 55 cikin ɗari yana baya, cibiyar tana inci 62 daga aksil ɗin gaba. Ta iska kuwa akan kintata ta da dabara mai sauƙi: a ɗauki hoton motar daga gefe, a manna a kwali, a yanke siffarta, a ɗora a kaifin rula har ta tsaya ba ta rinjaya ba. Awon bai kai na ɗakin gwaji ba, amma yana nuna wa mutum ko yana cikin haɗari.

Abin da ake yi shi ne a ƙara nauyin motar gaba ɗaya, a ajiye shi ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Falle ɗaya na ƙarfe mai murabba'in mita guda da kaurin milimita 25 ya kusa kilo 200, kuma yana zama daidai a ƙarƙashin daɓen mota. Wasu dalma suke narkawa su zuba cikin bututu. Ko wanne ne, da manyan ƙusoshi ake ɗaure shi a jikin shasi, don kada ya zama harsashi in mota ta wuntsila. Shasin Ford na asali buɗaɗɗe ne ta ciki, sai an rufe shi da ƙarfen milimita uku kafin ya ɗauki wannan kaya.

Ƙafafu da giya

Tayoyi sirara ake sawa, masu iska da yawa, don su huda garin gishirin da ke sama su kama mai taurin da ke ƙasa. Faffaɗar taya yawo take yi a kai. Goodyear da Mickey Thompson suna yin tayoyi musamman don wannan aiki, kuma masu duba mota suna auna tayar ne da bajintar ajin, ba da gudun da mai motar ya ce zai yi ba. Ana rufe wili da faifan alminiyom irin na kamfanin Moon, a ɗaure da ƙusoshi.

Aksil ɗin gaba ana kwantar da shi baya da digiri goma zuwa goma sha biyar, wasu har fiye, ninkin na motar titi. Sitiyari zai yi nauyi a wajen juyawa, amma motar za ta riƙa neman miƙewa da kanta. Ana kuma rage saurin sitiyarin, don ɗan motsin hannu a mil 170 kada ya zama babban lanƙwasa. Sifirin mai tauri ake so da gajeriyar tafiya, saboda tsayin motar daga ƙasa kada ya canza, hancinta ya ɗan fi bayanta sunkuyawa.

Lissafin giya ba shi da wuya. A ninka juyin injin a minti da tsayin taya a inci, a raba da lambar giyar baya, a sake rabawa da 336. Juyi 5,500 da taya mai inci 28 da giya 3.00 sun ba da mil 153, a cire kusan kashi biyar cikin ɗari na santsi, saura 145. Sabon shiga yakan ce bari ya sa 2.47 ya samu 185. Abin da zai faru shi ne yana shiga giyar ƙarshe juyin zai faɗi ƙasa da inda injin ke da ƙarfi, iska ta riƙe shi, ya dawo da gudun da bai kai na jiya ba. Giyar da ta dace ita ce wadda injin zai kai ƙololuwar ƙarfinsa a cikin mil ɗin da ake aunawa.

Tunda iska da gishiri suna canzawa kullum, an fi son aksil ɗin baya irin na Halibrand, mai ƙananan haƙora biyu a bayan murfi. In babbar giyar 3.78 ce, aka sa mai haƙori 21 a sama da mai 27 a ƙasa, an samu 2.94. A juya su, an samu 4.86. Aikin kwata ɗaya na awa ne, da kwanon tarar mai.

Injin

Ford ta fito da injinta mai silinda takwas a 1932, ta daina sa shi a motocin Amurka bayan 1953. Bawul ɗinsa a cikin bulok suke, gefen silinda, murfin saman kuma falle ne kawai. Na ƙarshensu, 8BA, inci 239 ne da doki 100. Raunin da ke jikinsa sananne ne. Hayaƙi yana ratsa cikin bulok kafin ya fita, silinda biyu na tsakiya a kowane ɓangare suna raba ƙofa ɗaya, don haka zafi mai yawa yana komawa ruwa. Karanshaf kuma a wuri uku kawai yake zaune.

Neman lafiyayyen bulok shi ne rabin wahalar. Ana wanke shi, a bi shi da maganaɗisu da garin ƙarfe don tsagar da ido ba ya gani ta fito, a matsa masa ruwa a ga ko yana yoyo, a auna kaurin bangon silinda kafin a faɗaɗa. Tsaga ta fi fitowa tsakanin mazaunin bawul da bakin silinda. Daga nan haɗin da aka saba shi ne karanshaf ɗin Mercury mai tafiyar inci huɗu da silinda mai faɗin inci 3 da 5/16, ya ba da inci 276. Masu ƙarfin hali suna kai shi 296. Ana ƙarfafa mazaunin karanshaf na tsakiya da murfin ƙarfe, a gyara hanyar mai ta yadda duka zai bi ta matata.

Wurin da ake tafka kuskure shi ne matsi. Cakuɗen iska da mai sai ya fito daga bawul ya yi kwana sannan ya faɗa silinda. In aka kankare murfin don a ƙara matsi, an tsuke wannan hanyar, injin ya shaƙe a babban juyi. Takwas ko tara bisa ɗaya ne iyakar abin da ake samu ba a yi asara ba. Shi ya sa wannan injin yake son abin cusa iska, kuma irin na GMC da aka ciro daga injin dizal ya daɗe yana wannan aiki. Akwai kuma murfin Ardun da Zora Arkus-Duntov da ɗan'uwansa suka ƙera a 1947, mai mayar da bawul sama, amma shi ajinsa daban.

Motar tseren kwata mil daƙiƙa goma take yi a matse. Ta gishiri minti ɗaya da rabi zuwa biyu totur yana ƙasa. Fistin yana kumbura, don haka ana ba shi sarari fiye da na motar titi, a buɗa bakin ringi, don in bakin ya haɗu zai kankare silinda. Saitin wutar fulogi ba ya wuce digiri ashirin da 'yan kai, in da abin cusa iska kuma a rage. Siririyar iska tana son a rage jet ɗin kafireta, amma da kaɗan-kaɗan, ana kashe injin a ƙarshen gudu ana duba fulogi. Mai ya ɗan yi yawa asarar mil biyu ce, ya yi kaɗan kuwa ramin fistin ne. Aji na fetur a wurin ake sayen mai a liƙe tankin. Masu amfani da metanol suna buƙatar kusan ninki biyu na ruwan mai, kuma wutarsa ba ta ganuwa da rana.

Lagireto buɗaɗɗiyar ƙofa ce ga iska, don haka inda doka ta bari ana cire shi a sa tankin ruwa a cikin mota. Galan ashirin, wato lita 76, ya isa: in injin yana zuba wa ruwa zafin kilowat ɗari na minti biyu, ruwan zai hau da digiri 38. A fara da 50 a gama ƙasa da tafasa. Ruwan ya zama nauyi kuma. Sai dai a killace tankin daga direba, bututun numfashinsa ya fita waje.

Abin da masu duba mota ke nema

Keji a jikin shasi ake walda shi, ba a bodi ba. Mafi ƙarancin bututu inci 1 da 5/8 ne mai kaurin inci 0.120, kuma masu wayo suna sayen mai 0.134 don bututu yakan sirance a inda aka lanƙwasa shi. Kwalkwali kada ya samu wurin kaɗawa hagu da dama. Akwai bel mai maɗauri biyar ko fiye, abin riƙe wuya, igiyar da ke hana hannu fita, garkuwa a kewayen kuloci, da zoben ƙarfe da zai tare farfela in ta tsinke.

Wuta ita ce babbar fargaba. Cikin mota mai gudu iska ba ta da matsi kamar ɗakin injin, don haka duk ramin da aka bari a bangon da ke tsakaninsu, ko na waya ɗaya ne, harshen wuta ta nan zai biyo. Ana toshe su duka. Kwalaben kashe wuta kashi biyu ne, na direba da na injin. Daga mil 175 dole a sa laimar da ake saki a baya don ta tsayar da mota, daga 300 biyu. Inda aka ɗaure igiyarta ya zama daidai tsayin cibiyar nauyi: in ya yi ƙasa za ta ɗaga bayan motar, in ya yi sama ta ɗaga gabanta. Birki sai gudu ya sauko sosai ake taɓa shi. A ƙarshe za a sa direba ya shiga da cikakken kayansa, a ɗaure shi, a ce ya nuna yadda zai kashe injin, ya saki laima, ya fita shi kaɗai.

A kan gishirin

Ko mota ta iya mil 200, sabon direba ba zai fara da haka ba. Lasisi hawa-hawa ne: ƙasa da 125, sai 125 zuwa 149, sai 150 zuwa 174, haka har sama. Gajeriyar hanya mil uku ce, sai an wuce 175 a kanta ake barin mota ta hau doguwar mai mil biyar. Saboda tsawon giya, wata mota ce ke tura ta daga layi har ta kama. In baya ya fara rawa, ana sassauta totur a hankali a saki laima, don ɗage ƙafa gaba ɗaya yana mayar da nauyi gaba ya ƙarasa juya motar.

Wanda ya wuce bajintar ajinsa, ana killace motarsa, a ba shi awa huɗu ya duba ta, washegari da sassafe ya sake gudu. Matsakaicin biyun ne ake rubutawa, bayan an auna girman injin an tabbatar da bodin. In bajintar ta haura mil 200, direban yana iya samun jar hular ƙungiyar masu mil 200 da aka kafa a 1953.

Filin kansa ba shi da tabbas. Ɓawon gishirin ya sirance cikin shekaru, ana ta muhawara kan rawar da haƙar sinadarin taki da ake yi a gefensa ta taka, an kuma soke taron a 2014 da 2015 da 2022 saboda ruwa ko lalacewar hanya. Masu mota sukan gwada ta a busasshen tafkin El Mirage na Kalifoniya, inda hanyar ƙasa ce mai mil 1.3, can kuma yawan nauyi cikas ne kuma giyar ta fi gajarta. A Ostiraliya ana irin wannan taro a tafkin Gairdner.

Bayan an dawo gida aiki bai ƙare ba. Gishiri yana shiga cikin shasi, bayan birki, cikin kowane haɗin waya. Ba a feshe shi da ruwa mai ƙarfi, don tura shi ciki yake yi. Ana ɗaga motar a sa mata ruwan sanyi yana zuba a hankali na awoyi har ya narke, sannan a kwance tayoyi da birki da boris a wanke a shafa giris, a zuƙe man da ya rage a kafireta, a cire kan batir. Tirelar da ta ɗauko motar da wadda ta tura ta su ma haka za a yi musu, don bututun birkinsu ne ke fara ruɓewa.